Ƙofar da Ta Kalli Katangar Tela

Ranar da Gwaggo ta ba shi kwangilar gina kantin maganinta, Zamani bai zarce gida ba. Shagon mai aski ya nufa, ko da yake gashinsa bai isa aski ba, ya zauna kan benci ya harɗe ƙafa ya jira a tambaye shi. Da ya ga ba mai niyyar tambaya, sai ya tambayi kansa ya ba da amsa.

"Kun san abin da ke kashe gini a garin nan? Takarda. Ruwa ya jiƙa ta, akuya ta cinye ta, lebura ya ƙulle ƙusa a ciki. Ni wannan ginin ko ƙyallin takarda ba zai shiga ba. Daga harsashi har rufi, a cikin wayar nan za a yi shi."

Mai aski ya ce, "To mu a cikin wayar za mu riƙa shiga sayen maganin?"

"Kai dai yi askinka. Wannan magana ta fi ƙarfin almakashi."

Zamani ba sunansa na yanka ba ne. Tun da ya sayi waya mai faɗin faranti yake cusa kalmar a kowace magana, har ta manne masa. Gwaggo kuwa yayar surukinsa ce, ita ta riƙe matarsa tun tana ƙarama. Ta gama aikin jinya ta yi ritaya, ta tattara abin da ta samu a rayuwarta ta ce za ta gina kantin magani da ɗakuna a sama. Filin ƙarami ne: babban titi a dama, katangar gidan tela a hagu, lungu a gaba, shagon mai aski na kwano jingine a baya. Matar Zamani ce ta yi ta roƙo har aka ba mijinta aikin, kuma ta ja masa kunne tun a ɗaki.

"Baban yara, don Allah kada ka kunyata ni a dangi."

"Ke dai ki tanadi bakin guɗa," in ji shi.

Yarjejeniyar aikin a intanet ya samo ta. Ya ga tana da tsawo, ga Turanci mai nauyi, sai ya ce lallai ta manya ce. Bai karanta ba. Ya cike sunaye, ya sa Gwaggo ta zana hannunta da yatsa a fuskar waya, shi ma ya zana nasa. Washegari Gwaggo ta tafi wani gari zaman jego wurin 'yarta, ta bar masa amana.

Daga nan ya wuce ofishin mai zanen gini, wani mutum mai sanyin magana da tabarau. Mai zanen ya buɗe masa zanen a babban allon kwamfuta, ya nuna masa ƙofar kanti tana kallon titi, bayi kuma yana can gefen katangar tela. Ya miƙo masa kwafin da ya buga a takarda. Zamani ya ja da baya kamar an miƙo masa maciji.

"Haba, Malam! A wannan ƙarnin?"

"To, na tura maka ta imel. Shi ne na aiki. In da wani canji, ka rubuto min ta nan."

Zamani ya ce ya ji. Gaskiyar magana, ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa tun bara, kuma ba zai faɗa ba ko za a yanka shi. Sai ya juya wa allon baya, ya ɗaga waya sama, ya washe haƙora, ya ɗauki hoton kansa da zanen a bayansa. Kyamarar gaba ta yi abin da ta saba: ta mai da dama hagu, hagu dama.

Da yamma ya buɗe guruf a waya, ya sa masa suna mai tsawo da ya ƙare da "na ƙasa da ƙasa". Ya zuba Gwaggo a ciki, da babban magini, da direban tifa mai kawo yashi, har da tela da mai aski don su ga yadda ake aiki. Ya nemo lambar da aka ajiye da sunan "Mai Zane" ya jefa ta ciki. Abin da bai tuna ba, matarsa ta taɓa aron wayar ta ajiye lambar matar da take sayar mata da atamfa da zannuwa. Ita ce ta shiga guruf. Lambar mai zanen gini tana can ƙasa, ba wanda ya taɓa ta.

Ya danna ya yi saƙon murya, da irin muryar masu karanta labarai.

"Jama'a, a saurara. Daga yau duk abin da aka faɗa a gidan nan doka ne. Wanda ya ɗaga babban yatsa a kan magana, ya sa hannu ke nan. Ni ma in na ɗaga wa mutum yatsa, an gama, ya je ya yi aiki. Ba sai an zo ana tambayata ba."

Ya bi da hoton zanen. Gwaggo, da ta bar tabaranta a gida kuma yatsan nan kaɗai ta iya dannawa, ta ɗaga. Mai atamfa ta ga an sa ta cikin manyan mutane, ta ce wataƙila kasuwa ce ta buɗe, ta rubuta: "Ya yi kyau sosai, Allah ya sa albarka."

Zamani ya nuna wa matarsa. "Kin gani? Mai gini ta amince, mai zane ya amince. Cikin minti nawa?"

Da safe babban magini ya tsuguna a fili yana faɗaɗa hoton da yatsu biyu masu kaushi. Kunnen Zamani ya rufe rabin matakala, hularsa ta cinye kusurwa guda.

"Maigida, rubutun nan kamar a juye yake."

"Haka ƙwararru suke yi, don kada a sace musu fasaha."

"Oho. Ni ko a miƙe yake ba karantawa zan yi ba. Abin da ke bayan kunnenka fa?"

"Ka cike da hankalinka."

Aka ja igiya, aka haƙa harsashi, aka zuba kankare. Bulo ya fara hawa, Zamani na yawo da hular kwano a kai da waya a sama, yana ɗaukar kowane layi yana turawa. Gwaggo na ɗaga yatsa, Mai Zane na cewa ya yi kyau sosai.

Shi kuwa direban tifa mutum ne mai ladabi. Kullum da sassafe sai ya rubuto: "Barka da asuba, Maigida. Yashi na nan mai kyau, a kawo?" Zamani, ido rabi a rufe, barka da asubar kawai yake gani, ya ɗaga yatsa ya koma barci. Kafin ya yi wanka tifa ta juye ta tafi. Da farko ya ji daɗi, ya ce wannan shi ne aiki ba jira. Da lungun ya cika ya fara tunanin ko Gwaggo ce ke aikowa. Da tulin ya kai tsayin taga, masu bi ta lungun zuwa aski suka koma hawa ta bisa suna gangarawa da takalma a hannu. Wani mai babur ya gwada ratsawa da gudu, babur ya tsaya, shi ya wuce.

Mai aski ya fito da tawul a kafaɗa. "Zamani, gini kake yi ko teku za ka kawo mana?"

"Ana kiran wannan tanadi. Ba za ka gane ba."

"Na gane mana. Jiya wani ya zo aski, sai da na share masa yashi a kai kafin in ga gashin."

Da bango ya kai linta, daidai saman ƙofa, tela ya leƙo ta saman katangarsa, tef a wuya, ya daɗe yana kallo. Ga wata ƙatuwar ƙofa mai faɗin mota ta buɗe baki tana fuskantar katangarsa, tsakaninsu bai fi mutum ya ratsa a karkace ba. Ya zagaya titi ya duba. Bango ne santal, sai wata 'yar taga can sama, kamar ta kurkuku.

"Maƙwabci, wannan ƙofar ta wa ce?"

"Ta kanti."

"Masu sayen ta ina za su shigo? Ta cikin ɗakina?"

"Malam Tela, mai sayen magani yana son sirri. Ba kowa ke so a gan shi yana shiga ba."

"Gaskiya ne. Wannan kam ko shi kansa ba zai ga kansa yana shiga ba. Wancan ramin na titi fa?"

"Bayi ne."

"To, shi ne ba ya son sirri ke nan."

Leburori suka tuntsire da dariya. Zamani ya daka musu tsawa. Ya koma bayan tulin yashi, ya ɗauki hoton ƙofar da katangar, ya tura guruf: "Mai Zane, wasu marasa ilimi suna surutu. Ƙofar nan daidai take ko?"

Amsa ta zo nan take: "Ya yi kyau sosai. Masu surutu ba sa ƙarewa, Alhaji."

Gwaggo ta ɗaga yatsa.

Ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya manna wa tela wayar a hanci. "Karanta. Ka fi mai zane sanin zane ne?"

Ƙarfin gwiwa ya dawo masa har ya yi yawa. Ya sa aka kafa katako aka ɗaure rodi don zuba dakin, wato kankaren da zai rufe kantin a ɗora ɗakunan sama. Ya kuma rubuta: "Mai Zane, turo mana sababbin zane mu zaɓa, na ƙasa da na sama." Baiwar Allah ta ce yau take sallah. Ta juye masa hotunan duk abin da ke shagonta: mai ganye, mai tsuntsu, mai zobe-zobe, ja da ruwan ƙwai.

Zamani ya tara ma'aikata. "Ku zo ku ga tayil! Irin wannan sai a manyan otal." Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga yatsa, bai tsallake ko guda ba. Magini ya ce shi dai bai taɓa ganin tayil a ninke ba. Aka ce masa ya yi shiru.

Ana gobe za a zuba dakin Gwaggo ta dawo. Zamani ya ce sai an nuna mata ginin a bainar jama'a. Ya yi hayar kujeru da lasifika, ya jera su a bakin titi, ya aika guruf cewa kowa ya hallara, har da Mai Zane. Matarsa ta zo da kwalliyarta. Gwaggo ta sauko daga mota da sabon tabarau, tare da autarta, wadda lauya ce, wadda kuma ba ta taɓa raga wa mijin yayarta ba.

Gwaggo ta tsaya a titi ta dubi bango. Ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Ɗan nan, ina kantina?"

"Yana ciki, Gwaggo."

"Ta ina ake shiga?"

Ya ja ta suka zagaya, suka hau yashi suka gangara, suka isa bakin ratar da ke tsakanin gini da katangar tela. Gwaggo mace ce mai jiki. Ta gwada ta gaba, ta gwada a karkace, ta ja numfashi ta sake gwadawa. Ratar ta ƙi ta. Tela na bisa katanga yana ba da shawara.

"Gwaggo, in kin ajiye jakar, wataƙila kafaɗa ɗaya ta shiga."

Ta juyo, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata Zamani ke nan. "Kira min mai zanen nan."

"Yana hanya. Kuma ki sani, Gwaggo, komai da amincewarki aka yi. Ina da hujja." Ya koma wurin kujeru, ya karɓi lasifika, don ya ga mutane sun taru kuma ba ya son taro ya tashi a banza. "Jama'a, ga yatsan Gwaggo a kan zane. Ga shi a kan harsashi. Ga shi a kan ƙofar nan ita kanta. A dokar zamani, wannan sa hannu ne!"

"Ni gaisuwa nake amsawa," in ji Gwaggo. "Ko hoton jikana aka turo, shi nake dannawa."

Ana cikin haka wata a-daidaita ta tsaya. Wata mata ta fito tana fara'a, direban na sauke mata manyan ƙunshi. Ta gaida kowa, ta rungumi matar Zamani, ta tambaya ina Alhajin guruf.

"Ke kuma wace ce?" in ji Zamani, lasifika na bakinsa.

"Ni ce Mai Zane mana. Ga kayan da ka zaɓa, na ƙasa da na sama. Har na yanka, don ka ce in ka ɗaga yatsa an gama."

Ta kwance ƙunshi ɗaya. Atamfa mai tsuntsu ta zubo kan kujera. Magini ya matso ya shafa ta. "Maigida, da siminti za a manna ta ko da allura?"

Titi ya ɗauki ihu. Mai aski ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Matar Zamani ta ja mayafi ta rufe fuska, sai dai kafaɗunta na rawa, ba a san kuka take ko dariya ba.

Lauya ta ciro wayarta ta kira mai zanen gini na gaske. Bai jima ba ya iso. Ya dubi ginin, ya dubi hoton da aka yi aiki da shi, ya ga haƙoran Zamani a tsakiyar kanti. Ya ce a hankali, "Aikin yana da kyau. Bulo ya miƙe, kankare ya kama. A madubi kawai za a riƙa kallonsa."

"Ba ruwana!" in ji Zamani. "Mai gini ta amince. Akwai yarjejeniya!"

"Yawwa, Yaya," in ji lauya. "Kawo ta mu gani."

Ya miƙa mata wayar da alfahari. Ta yi ta ja da yatsa, ta tsaya, ta karɓi lasifikar daga hannunsa ta fassara wa jama'a. Yarjejeniyar ta ce zanen aiki shi ne wanda mai zanen gini ya aiko ta imel, ba wani ba. Ta ce ba canjin da zai tabbata sai da rubutacciyar amincewarsa ta wannan imel ɗin. Ta ce saƙon waya, da na murya, da kowace irin alama, ba sa zama amincewar mai gini. Abin da aka gina saɓanin haka kuwa, ɗan kwangila zai rushe ya gyara daga aljihunsa.

"Wane mugu ne ya rubuta wannan?"

"Kai ka kawo ta, Yaya. Ga hannunka a ƙasa, kamar tsutsa ta bi ta kan waya."

Sai idon Zamani ya yi haske. "To madalla! In yatsa ba sa hannu ba ne, ban sayi yashi ba, ban sayi atamfa ba. Kowa ya kwashe kayansa!"

Direban tifa, da ke tsaye a gefe tun ɗazu, ya matso cikin ladabi ya kara wayarsa a lasifika. Muryar Zamani ta cika titi: "Ni ma in na ɗaga wa mutum yatsa, an gama, ya je ya yi aiki. Ba sai an zo ana tambayata ba."

Lauya ta ce, "Wannan yarjejeniyar tsakaninka da Gwaggo ce, su ba sa ciki. Su da bakinka ka kafa musu doka, suka bi. In suka kai ka gaban alƙali da wannan muryar, ni dai ba zan tsaya maka ba, don dariya ba za ta bar ni in yi magana ba."

"Wato yatsan Gwaggo ba ya aiki, nawa ne kaɗai ke aiki?"

"Ka ga ka fara gane shari'a."

Gwaggo ta ce ba ta kai mijin 'yarta kotu, amma ƙofarta za ta kalli titi ko da haƙori zai fasa bangon. Mai zanen gini ya duba ya ce tun da ba a zuba dakin ba, abin da sauƙi: a fasa bangon titi a fitar da ƙofa, a toshe ta katanga, a mai da bayi inda ya dace. Tela ya ce zai karɓi atamfar ya ɗinka wa duk dangi, a rage asara. Yashin kuma aka ce Zamani ya nemi masu gini a unguwa ya roƙe su su saya. Matarsa ta zaɓi mai tsuntsun ta saƙale a hammata, ta ce wannan ladan kunyar da ta sha ne.

Washegari Gwaggo ta sa aka kawo mata kujera da lema, ta zauna a bakin titi tana fuskantar bangon da za a fasa. Mai zanen gini ya kawo alli zai shata wurin daga ciki, Zamani ya tare shi.

"Bar shi, Malam. Ginin nan yanzu a kaina yake, ko ido rufe na san shi. Rushewa ma ilimi ce, ba kowa ya iya ba." Ya karɓi babbar guduma daga hannun lebura. "Gwaggo, ki zuba ido. Yanzu za ki ga fuskata ta nan."

Ya ratsa ta gefen katangar tela ya shige. Ciki duhu, katakon dakin ya rufe sama, sanduna tsaye ko'ina kamar daji. Ya kewaya wannan, ya kauce wa wancan, ya yi tuntuɓe da bokiti, ya tashi ya juya. Ya ga bango a gabansa. Ya tofa yawu a tafi, ya yi bismilla, ya kai masa guduma.

A waje Gwaggo na jin dukan, amma bangon gabanta ko ƙura bai tayar ba. Ta dubi magini, magini ya dubi sama.

Bulo ya faɗa, wani ya bi shi, sai ƙarar kwano da ta gilashi. Haske ya shigo. Zamani ya ajiye guduma, ya gyara hula, ya shirya murmushi, ya zura kansa ta ramin.

"Gwaggo, ga ƙof..."

Wani mutum ne zaune a gabansa, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, rabin kansa a aske, idanunsa waje. Madubi na ƙasa a tarwatse. Mai aski na tsaye da injin aski yana kuka a hannunsa. Ya dubi ramin, ya dubi kan da ya leƙo fari fat da ƙurar siminti, ya kashe injin.

"Zamani," ya ce, "akwai mutane a gabanka. Zagaya ka bi layi."